Tsohona ya shiga asibiti da ciwon fitsari, a gadon jinya korona ta same shi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Barkanku da aiki, da fatan kuna lahiya ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Don Allah ku ba ni ɗan fili a jaridarku, maganar tana da tsawo amma ta daɗe tana cina a rai, kuma abin da idona ya gani makon jiya shi ya sa na ce yau kam sai na rubuta.

Makon jiya na raka wani dattijo maƙwabcina randebu wajen likitan mafitsara a wani asibiti nan Yamai, za a canza mishi robar fitsari, sond ɗin nan da ake sa ma wanda fitsari ya riƙe ma. Ga sanyi ga hazo, gari duk mura da tari. A bakin ƙofa na ga bokitin wanke hannu mai famfo irin wanda anka jera lokacin korona, yana nan inda yake amma ba ruwa ba sabuni, ƙura ta rufe shi. Ciki kuma tsofaffi sun fi goma kan banci guda kafaɗa da kafaɗa, kowa da ledar fitsarinshi a ɓoye cikin babbar riga ko cikin ɗan buhu, ga wani a tsakiyarsu yana tari kamar ƙirjinshi zai tsage kuma ba wanda ya ce mishi ko matsa can gefe. Wallahi sai na ji gabana ya faɗi, don haka ɗin nan na gani a Disamba 2020 da tsohona, kuma na san inda abin ya kai mu.

Tsohona manomi ne a wani ƙauye cikin Adar, shekarunshi sun haura 70 a lokacin. Ashe ya fi shekara yana fama, fitsari sai ɗis ɗis, dare guda shi tashi sau biyar sau shida, bai gaya ma kowa ba, kun san dattijon Bahaushe da kunya, ta ina zai fara gaya ma ɗanshi maganar mafitsara? Sassaƙe da jiƙo yake ta sha a ɓoye. Sai cikin azumin 2020, zafin nan na ƙarshen Afrilu, wani dare fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, mutumin da ban taɓa jin ya yi raki ba aka ce har birgima yake. Ƙannena sunka ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, aka sa mishi sond ya samu sauƙi, aka ce porostat ce, tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura ta toshe hanya kuma sai an yi fiɗa.

To ku tuna lokacin da ake ciki. Ran 19 ga Maris aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Nijar, ran 27 Shugaba Mahamadu Isufu ya kafa dokar ta-ɓaci, aka rufe Yamai ba shiga ba fita, aka hana fita da dare, masallatai a rufe. Ni ina nan Yamai shi yana can, tsakaninmu tahiyar sama da kilomita 500 ta Dosso da Dogon Dutsi da Konni, ba halin in je ba halin shi zo. Da anka buɗe hanya tsakiyar Mayu kuma sai shi ya ƙi. Ya ce ya ji labari duk wanda ya shiga babban asibiti ko ciwon ƙafa ya kai shi korona za a rubuta mishi, in ya mutu kuma ba a ba dangi gawa su yi mata wanka. Ya ce gara shi mutu a ɗakinshi a sallace shi. Damina ta zo ya fake da gona. Haka ya zauna wata takwas da roba a jiki, robar da ya kamata a riƙa canzawa kusan duk wata amma wani lokaci sai ta wuce, zazzaɓi shi zo shi tahi, fitsari ya yi wari ya yi kauri, har dai da na samu na lallashe shi ya zo a Disamba awon jini ya nuna ƙodarshi ta fara taɓuwa. Wannan tsoron asibiti ne ya jawo, kuma zan dawo kanshi don shi ma ciwo ne mai zaman kanshi.

Ba zan faɗi sunan asibitin da munka kwanta ba, ban zo tozarta kowa ba, kuma likitan da ya yi mishi aikin har gobe ina yi mishi addu'a, hannunshi na da kyau. Anfirmiyoyin ma na gansu da idona, mutum guda da ƙyallen rufe hanci guda tun safe har dare, wani har ya yi baƙi, ga majinyata sun yi musu yawa. Tsarin ne ba shi da kyau. A bakin ƙofa ana auna zafin goshi, ana sa ka wanke hannu, mai gadi yana ta faɗa da wanda bai sa babet, ƙyallen rufe hanci, ba. Kana wuce shi kowa ya sauke abinshi zuwa haɓa. Kamar cutar a bakin titi take jira, kuma ba ta san hanyar ɗakin majinyata ba.

Ɗakin da anka sa mu gado takwas ne, taga guda, ita ma a rufe saboda sanyi da ƙura. Kowane gado da mai jinya biyu ko uku, da dare tabarmi ne har ƙarƙashin gadaje, in ka ƙirga numfashin da ke cikin ɗakin nan ya fi na mutum ashirin. Ba wanda anka yi ma gwajin korona kafin a kwantar da shi, tsohona ma ba a yi mishi ba, awon jini da eko da na zuciya duk an yi mun biya, amma wannan ɗaya babu. Kwana uku muna jira saboda jininshi ya hau kuma ana neman wanda zai ba da jini. Gadon da ke kusa da shi wani dattijo ne da anka kawo da fitsarin jini, tun ranar da ya zo yake tari da zazzaɓi, 'ya'yanshi sunka ce sanyi ne. Tsakanin gadon nan biyu ko taku biyu ba a yi ba, har buta guda suke amfani da ita, goro ma suna rabawa, tsofaffi ne hira ta haɗa su.

Aka shiga da shi bulok, wato ɗakin fiɗa, allurar baya anka yi mishi ba a sa shi barci ba, aiki ya yi kyau Alhamdu lillahi. Wanda bai taɓa jinyar mai irin wanga aiki ba bai san yadda take ba. An yanka ƙasan mara, ga roba ga ledojin ruwan serom a rataye dare da rana suna wanke mafitsara don kada jini shi daskare shi toshe, mai jinya ba barci, leda ta ƙare ka ruga ka kira, bokiti ya cika ka zubar, a miƙo ordonas ka ruga farmasi. Mutum yana kwance rigingine kwana da kwanaki ba ya iya ko juyawa sosai. Ba aikin da za a yi yau a sallame ka gobe ba ne, mako guda ne ko fiye, kuma duk kwanakin nan iskar ɗakin nan kake shaƙa.

Kwana takwas bayan aikin, muna ta murna ruwan ya fara fita fari ana maganar sallama, sai zazzaɓi. Aka ce masassarar sauro ce aka ba da magani. Bai sauka ba aka ce ƙwayoyin cuta ne a fitsari saboda robar, aka canza allura. Ban ga laifinsu sosai a nan ba, mai sond in ya yi zazzaɓi hankalin kowa can yake zuwa. Amma kwana uku sunka tahi a haka. Sai tari ya zo, kuma tari ga mai ɗinki a mara azaba ce, duk tari guda sai ya riƙe ciki da hannu biyu, fitsarin da ya yi fari ya koma ja. Ya daina jin ɗanɗanon abinci, ko furar da yake so ya ce kamar ƙasa. Daren da numfashi ya fara yi mishi wuya ya kamo hannuna ya ce, ka ga abin da nake gudu ko? Ban samu abin da zan ce mishi ba Malam Edita, ni na matsa mishi ya zo. Da safe na samu majo, shugaban anfirmiyoyin ɓangaren, na ce ranka shi daɗe don girman Allah a gwada shi, aka ɗauki majina ta hanci aka kai CERMES, cibiyar binciken cututtuka ta Yamai, sakamako ya fito yana da ita. Dattijon gadon kusa kuma an riga an fitar da shi zuwa wani ɓangare, daga baya ɗanshi ya kira ni ya ce Allah Ya yi mishi rasuwa. Allah Shi jiƙan shi.

Ku yi lissafi da kanku. Cutar nan galibi kwana biyar ko shida take yi a jiki kafin ta nuna, iyakarta mako biyu, shi kuma kwananshi goma sha ɗaya kan gadon nan bai taka ko bakin ƙofa ba, kafin nan ma a ɗakina yake kwance ba ya fita. A gadon jinya ta same shi. Gudun gara ya faɗa gidan zago.

Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma wannan ce maganar da mutanenmu ba su son ji. Mu masu jinya da 'yan dubiya mu ne hanyar da cuta ke bi ta shiga ɗakin majinyata. Ni ɗin nan da safe ina kasuwa, da rana ina cikin taksi mu biyar a matse, da yamma in dawo in zauna bakin gado in ba shi abinci a baki, babet a aljihu don ina jin nauyin in rufe fuska gaban mahaifina kamar ina ƙyamarshi. Lokacin kamfen ne ma, zaɓen 27 ga Disamba ya matso, mutum shi taso daga mitin cikin dubban jama'a shi biyo asibiti dubiya, a yi musabaha da kowa gado gado, a tofa addu'a. Ran Juma'a bayan masallaci kuwa ɗakin sai ka ce gidan suna. In anfirmiye ta ce ku ragu sai a ce ba ta da mutunci, ba ta san zumunci ba. Na sani zumunci a ƙafa yake, haka anka tashe mu, kuma ladan dubiya ba wanda ke musunshi. Amma tsohon da anka yanka jiya ba taron jama'a yake buƙata ba. Yanzu akwai waya, a kira a gaishe shi, a aiko da abin da za a aiko, in ya koma gida a je a cika mishi zaure.

Akwai ɗan ƙanwata da ke karatun likita a jami'ar Abdu Mumuni, shi ya zaunar da ni bayan abin ya lafa ya warware mini, don na ce mishi me ya sa su? Ya ce Kawu duba waɗanda ke kwance a ɓangaren mafitsara, yawanci maza ne tsofaffi, da hawan jini da ciwon suga da ƙoda mai rauni, kuma su ne dai korona ta fi kashewa ko ba a yi musu aiki ba. Sannan fiɗa kanta tana raunana jiki, kwanciya wuri guda tana hana huhu buɗewa, in barci anka sa mutum aka zura mishi tiyo a maƙogwaro abin ya fi muni. Ga su da yawan zarya asibiti, yau canjin roba gobe awo jibi cire zare. Ya kuma gyara mini wani kuskure, mu a ɗakin nan duk tsoronmu na kan bokitin fitsari ne, muna ta kaffa kaffa da shi, ashe da wuya a samu ƙwayar cutar a fitsari, ta numfashi take bi, tagar nan da munka rufe saboda sanyi ita ce ta fi cutar da mu.

Ya nuna mini wani bincike da likitocin fiɗa na ƙasashe 24 sunka haɗu sunka yi, jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta, ya fito a mujallar Lancet cikin Mayu 2020. Sun bi mutum 1,128 da korona ta kama dab da aiki ko bayan aiki, rabinsu sun samu matsalar huhu, kusan kashi 24 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30, wato kusan mutum guda cikin huɗu, kuma maza da waɗanda sunka kai shekara 70 su ne a gaba. Da na ji haka sai da jikina ya yi sanyi, ashe bakin kabari tsohona ya leƙa. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, wata bakwai kafin a kwantar da mu duniya ta san wagga magana. Su ɗin dai sun sake dubawa cikin waɗanda anka yi ma aikin ciwon daji sama da 9,000, sunka ga inda asibiti ya raba hanya, bulok da ɗakin kwanan masu aiki daban, masu korona daban, matsalar huhu ta ragu da fiye da rabi. Raba ɗaki kawai. Ba wata na'ura ba ce da za a ce sai an yi odarta daga Faransa.

Shi ya sa nake roƙon ma'aikatar lahiya da shugabannin asibitocinmu, na gwamnati da kilinik na kuɗi, kada a ce korona ta wuce a naɗe tabarma. Hukumar lahiya ta duniya ta janye dokar gaggawa a Mayu 2023, haka ne, amma mura mai tsanani tana nan duk sanyi, kuma wata annobar ba sallama za ta yi ba kafin ta shigo. Wanda za a yi ma aiki a tambaye shi, kana tari? akwai mai zazzaɓi a gidanku? in lokacin annoba ne a gwada shi kafin a ba shi gado, ba bayan ya kwana uku cikin mutane ba. Mai tari a ware mishi wuri ko da labule ne da taga a buɗe. Mai jinya guda ga kowane gado, a ba shi kati, shi ɗin dai ba a yi ta canzawa ba. Kuma a bar kwantar da mutum kwana da kwanaki kafin aiki yana jiran jini ko jiran layi, a gama komai yana gida, shi zo ana gobe. Canjin sond ma ai ba sai an tara tsofaffi talatin rana guda a babban asibiti ba, anfirmiyen unguwa in an koya mishi kuma an ba shi kaya masu tsabta zai iya. Tunda ana maganar tsabtar kaya, a sa ido kan ƙarfen kamarar nan da ake zurawa ta hanyar fitsari da sauran kayan aiki, don ciwon hanta yana da yawa a ƙasar nan kuma shi ta jini yake bi, shi kuma ba ya tari bare a ji shi.

Na ce zan dawo kan tsoron asibiti. Kada wani dattijo shi ji an karanta mishi wasiƙar nan shi ce to ai ga shi, na fasa zuwa. Wallahi ba haka nake nufi ba. Wata takwas ɗin da tsohona ya yi yana ɓuya su sunka taɓa mishi ƙoda, kuma ita ba ta dawo daidai ba har yau, korona kuwa ya warke. A farkon annobar an ƙiyasta aikin fiɗa miliyan 28 za a ɗage a duniya cikin mako 12 kawai, kuma ba duka ne ke iya jira ba. Gwaiwar da ba ta ciwo tana iya jira. Wanda ya kamu da korona kuma aikinshi ba na gaggawa ba ne, binciken 2021 ya nuna gara a jinkirta mako bakwai. Amma fitsarin da ya tsaya cak, ko tsakuwa ta toshe ƙoda ga zazzaɓi, ko yaro ya tashi da ciwon maraina mai tsanani farat ɗaya wanda awa shida kawai ke gare shi kafin abin shi lalace, ko fitsarin jini ga babba musamman mutanen bakin kogi da sunka sha fama da tsargiya tun suna yara, waɗannan ko ana ruwan annoba sai an je. Abin da ya kamata likitoci su fito rediyo su faɗa kenan da Hausa da Zabarmanci tun ranar farko, wane ciwo ke jira wane ba ya jira, kuma ga abin da munka tanada don kada ka kwashi wata cuta a wajenmu. Da tsohona ya ji haka daga bakin likita da bai saurari maganar bakin kasuwa ba.

Kwana goma sha biyu ya yi a ɓangaren masu korona da robar iska a hanci, ba a bari mu shiga, sai dai mu miƙa abinci mu tsaya daga nesa, a lokacin ko rigakafi babu, sai ƙarshen Maris 2021 anka fara yi a ƙasar nan. Allah Ya tashi kafaɗunshi. Ya koma gida a rame, daminar da ta biyo bai iya riƙe hauya ba, yanzu dai yana zuwa gona shi zauna gindin gawo yana ba jikoki umarni, fitsari kuma lahiya lau. Da rigakafin ta iso garinmu da ƙafarshi ya je.

Shi kuma maƙwabcin nawa na makon jiya, na fita bakin titi na sayo babet guda biyar dala ashirin ashirin, na sa mishi guda na sa guda, na kai ma mai tarin nan guda na ce Baba yi haƙuri ka sa wannan saboda 'yan uwanka, ya karɓa ba gardama har da godiya. Na roƙi anfirmiyen da ke kiran suna ya buɗe taga, ya ce sanyi, na ce a buɗe ko rabi ne, ya buɗe. Nan da mako uku za mu koma canjin roba, an ce kuma bayan nan za a sa mishi ranar aiki, zan je da jarkar ruwa da sabuni in zuba a bokitin nan na bakin ƙofa.

Na gode da filin da kunka ba ni.

Naku,
mai karanta jaridarku daga unguwar Bukoki, Yamai